Ranar da Baba Ya Kawo Jinin Ƙaho Makaranta

A shekarar da jirgin ƙasa ya fara isowa Yerwa, babban birnin Borno, na gama makarantar horon malamai, aka turo ni koyarwa a wata firamare ta maza da ke tsakanin Shehuri da unguwarmu, Abbaganaram. Shekaruna ashirin da ɗaya. Aji bakwai aka ba ni, kuma cikin darussan da suka faɗo kaina har da nazarin halittu da tsabtar jiki. Tsofaffin malamai ba sa son wannan darasi, don haka duk sabon da ya zo shi ake ɗora wa.

Mahaifina wanzami ne, kamar yadda mahaifinsa yake. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Haɗeja da zabirarsa ya zauna a Borno. A nan aka haifi Baba, a nan ya yi aure, kuma a gidanmu Hausa da Kanuri tare suke tafiya, wani lokaci a cikin jimla guda. Yana da rumfa a ƙofar gida, ƙarƙashin bishiyar dogonyaro, inda yake aski da ƙaho. In an yi haihuwa a unguwa shi ake kira ranar suna, in lokacin kaciya ya zo shi ake nema. Bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin mai son sanin dalilin abu kamarsa ba. In mota ta mutu a bakin titi, Baba zai tsaya a kan makaniki har a tashe ta, yana tambaya, ko da mai aski na jiransa da rabin kai.

A makon farko na tarar da wani akwatin katako a saman kabad ɗin ofishin hedimasta. Hedimastan dattijo ne daga kudancin Borno, mai taka-tsantsan da kayan gwamnati. Na tambaye shi abin da ke ciki, ya ce madubin ƙara girman abu ne, irin wanda likitoci ke duba jini da shi, wani Bature mai duba makarantu ya bari tun kafin samun 'yancin kai. Tun daga ranar ba wanda ya buɗe.

"In ya fashe wa zai amsa tambaya?" in ji shi.

Na ce ni zan amsa. Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe, sannan ya miƙo mini mabuɗi, ya ce kada yaro ya taɓa komai sai ido kawai.

Madubin lafiyarsa ƙalau, sai ƙura. Ba ya amfani da wuta. Wani ɗan madubi ne a ƙasa yake kamo hasken rana ya haska abin da aka ɗora, saboda haka dole a ajiye shi bakin taga. Na sayi albasa a Kasuwar Litinin, na biya ta kantin wani Ibo mai sayar da magunguna na nemi aidin, maganin nan da ake shafa wa rauni. Ya tambaye ni wa ya ji ciwo. Na ce albasa zan shafa wa. Ya yi dariya har ya kira maƙwabcinsa ya ji, amma da na yi masa bayani sai ya ce in na gama da yara in zo da madubin shi ma ya gani.

Matsalata ta farko ita ce kalma. Littafin da Turanci yake, yaran kuwa rabi Kanuri suke ji fiye da Hausa, wasu Shuwa ne, wasu 'ya'yan ma'aikata daga kudu. Na tsaya gaban allo na ce musu duk wani abu mai rai, daga ciyawa har raƙumi har mutum, da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, ƙwayoyin da ido ba ya gani, kowace tana ci, tana numfashi, tana girma, in ta kai ta rabu biyu. Suka rubuta. Na san ba wanda ya yarda, sun dai rubuta ne don malam ya ce.

Na ɓare wannan siririyar fatar da ke tsakanin ɓawon albasa, na shimfiɗa a kan gilashi, na ɗiga aidin, na juya maɗaurin har hoton ya fito. Suka yi layi. Na farko ya leƙa ya ce bai ga komai ba sai gashin idonsa. Na biyu ma haka, domin sauran sun taru sun tare hasken taga. Na kore su baya. Na uku, wani dogon yaro ɗan mahauta da ba ya magana a aji, ya leƙa, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, gini ne. Kamar jan bulon fada, an jera shi layi-layi, kowane da ɗigo a ciki."

Na ce masa kowane bulo ita ce ƙwayar da nake faɗa, ɗigon kuma shi ne cibiyarta, daga nan ake tafiyar da duk aikinta. Daga ranar ban sake wahalar neman misali ba. Washegari na sa kowa ya kankaro cikin kumatunsa da tsinke mai tsabta, muka duba, suka ga su ma da irin waɗannan ƙwayoyi aka yi su, sai dai nasu ba su da katanga mai ƙarfi kamar ta albasa. An yi mako guda suna tsokanar juna da 'yan'uwan albasa.

Da muka zo kan jini, na je wurin wani abokina mai aikin gwaji a asibiti ya ba ni ɗan ruwan shuɗi da suke rina jini da shi. Na soki yatsana da allurar da na ƙona, na shafa a gilashi. Yara suka ga jajayen ƙwayoyi birjik, kamar an zubar da ƙananan faya-fayai, na ce su ke ɗaukar iskar da muke shaƙa su kai ko'ina a jiki. Can da can kuma ana ganin wata babba da ta sha shuɗi. Na ce waɗannan su ake kira farare, aikinsu su kama duk abin da ya shigo jiki ba da izini ba su cinye shi.

Ran nan da yamma muna cin tuwo a zaure na ba Baba labari. Ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Ka ce ka ga cikin jini?"

"Na gani, Baba."

"Ni shekara talatin ina fitar da shi. Mataccen jini da mai rai, ka ga bambancinsu?"

Na ce littafinmu bai ambaci mataccen jini ba. Ya ce littafin bai taɓa riƙe ƙaho ba. Muka bar maganar a nan, na ɗauka ta wuce.

Ranar Alhamis da hantsi ina tsakiyar darasi sai na hango shi ta taga, ya sha babbar riga ta zuwa masallacin Juma'a, zabira a kafaɗa, a hannunsa wani ɗan ƙoƙo da ya rufe da faifai. Na san yaran nan, rabinsu shi ya yi musu kaciya, kuma ban san abin da zai faɗa a gabansu ba. Ya fara biyawa ofis ya gaisa da hedimasta cikin Kanuri, gaisuwa mai tsawo, sannan suka shigo tare. Yara suka miƙe.

"Ku zauna," in ji Baba. "Ni ma ɗalibi ne yau. Malam, ga jinin da na ciro yanzu daga bayan wani mai ciwon kafaɗa. Duba mini."

Ban taɓa jin ya kira ni Malam ba sai ranar. Na ɗebi ɗan kaɗan daga gefen ƙoƙon inda bai gama daskarewa ba, na shafa a gilashi ɗaya. Ya miƙo yatsansa, ya ce in ɗauki nasa in sa a gilashi na biyu. Da na ɗauko allura sai ya karɓe, ya ce ba a koya wa wanzami fitar da jini, ya soki kansa. Na nuna masa yadda zai rufe ido ɗaya. Ya cire hula ya ba hedimasta ya riƙe masa, ya sunkuya.

Ya daɗe a kan na farko. Ya ce a canza. Ya daɗe a kan na biyu. Ya ce a mayar da na farko.

"Na ƙoƙon sun manne da juna," ya ce, "kamar an jera kwabbai. Amma iri ɗaya ne da nawa."

Na ce haka ne, mannewar don ya fara daskarewa ne, kuma duhun da yake gani a jinin ƙaho don jini ne da ya riga ya sauke iskarsa, in ya koma huhu zai sake ja.

"To me ya sa mutum yake jin sauƙi in na cire masa?"

Na ce ban sani ba. A gaban hedimasta da yara na faɗi haka, kuma na ji kunya. Baba kuwa ya gyaɗa kai kamar amsar ta yi masa daɗi. Ya ce shi ma bai sani ba, amma yanzu aƙalla ya san ba mutuwa jinin ya yi ba. Har ya bar sana'a bai daina ƙaho ba, sai dai ban ƙara jin ya ce mataccen jini ba.

Kafin ya tafi ya ga wata kwalba a bakin taga, ya tambayi abin da ke ciki. Ruwan kududdufi ne da yara suka ɗebo daga gefen kogin Ngadda. Na ɗiga masa a gilashi. Wannan karon da ya leƙa sai ya ja da baya, ya sake leƙawa. Abubuwa ne ke iyo a ciki, wasu kamar takalmi, wasu suna juyi, kowanne ƙwaya ɗaya tak amma yana neman abincinsa. Na ce ba dukansu ke cutarwa ba, amma akwai danginsu da suka fi su ƙanƙanta, waɗanda in sun shiga rauni sai ya kumbura ya yi mugunya. Ya buɗe zabira ya fito da ɗan goran da yake ɗauraye aska a ciki, wanda ruwansa kan kwana biyu ko uku ba a zubar ba, ya ce in duba. Na duba kafin shi, na so in ce babu komai, amma akwai. Ba su kai na kududdufi yawa ba, ga su dai suna motsi. Na matsa masa ya gani.

Ya tambaye ni me ke kashe su. Na ce tafasasshen ruwa. Ya karɓi hularsa ya yi mana sallama.

Da na koma gida na tarar da murhu a gefen rumfa da wata tsohuwar tukunyar mahaifiyata a kai, asake da ƙahoni suna tafasa a ciki. Ta yi ta mita cewa an mayar da tukunyar miya ta wanzanci. Abokan sana'arsa suka riƙa zolayarsa, wai ko shayi ya koma sayarwa. Ƙahoni biyu suka lanƙwashe don zafi, ya koyi cewa su ba a barinsu su daɗe. Ya ci gaba da abinsa, kuma bayan kaciyar hunturun shekarar na ji da kunnena yana gaya wa wani wanzamin Shehuri cewa yaran bana sun fi saurin warkewa, don haka shi ma gara ya je ya nemi tukunya.

Bayan haka Baba ya mayar da Alhamis ranar makaranta. Yakan zauna a benci na ƙarshe, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Hedimasta ya ce shi bai ga doka da ta hana ba. A ɗaya daga cikin waɗannan ranaku muka kai ga darasin da na fi jin tsoro, wato yadda jiki ke kare kansa. Na yi bayanin fata da majina da hawaye, cewa su ne shingen farko. Na dawo kan fararen ƙwayoyin jini. Na ce in cuta ta shiga, jiki yakan ƙera maganin da ya dace da ita kaɗai, kuma in ya yi nasara ba ya mantawa, duk ranar da ta dawo a shirye yake. Na duba fuskokinsu na ga maganar ba ta shiga ba. Wani yaro ya tambaya yaya jini zai tuna abu alhali ba shi da kai.

Ina neman amsa sai Baba ya ɗaga hannu daga baya, kamar yadda ya ga yara suna yi.

"Malam, ko in ce wani abu?"

Ya fito gaba. Ya tambaye su wa ke da mai zanzana a gidansu, wato tabon da agana ke bari a fuska. Hannuwa da yawa suka tashi. Ya ce to in agana ta shigo unguwa, wa ake sa wa ya yi jinyar marar lafiya? Suka ce mai zanzana. Ya ce don me? Ɗan mahauta ya ce don ba ta kama mutum sau biyu.

"To ga abin da malaminku ke faɗa," in ji Baba. "Jikinsa ya san ta."

Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya nuna musu wani tsohon tabo a damtsensa. Ya ce yana ɗan shekara biyar agana ta shigo gari, mahaifinsa ya nemi wanda ta kama da sauƙi, ya ɗebi ruwan ƙurjinsa a bakin aska, ya tsaga hannun 'ya'yansa ya shafa. Ya ce sun yi zazzaɓi, ƙuraje suka fito musu kaɗan, suka tashi, kuma agana ba ta sake kusantarsu ba. Ya ce amma ƙanwarsa ba ta tashi ba. A jikinta abin ya zama agana sosai, kuma mahaifinsa bai sake yi wa kowa wannan tsaga ba har ya rasu.

Ban taɓa jin wannan labari ba, ban ma san Baba ya yi ƙanwa ba. Na tsaya da alli a hannu. Shi ne ya juyo ya tambaye ni, lambar rigakafin agana da ma'aikatan lafiya ke yi, me ya bambanta ta da ta mahaifinsa? Na ce su ba agana suke sakawa ba, wata 'yar'uwarta ce mai rauni da aka samo asalinta daga shanu, ba ta iya kisa kamar agana, amma ta yi kama da ita har jiki ya koyi darasin. Ya ce in nuna masa aganar a madubi. Na ce ta yi ƙanƙanta, wannan madubin ba zai kamo ta ba.

"Kai ma ba ka gan ta ba ke nan."

"Ban gan ta ba, Baba. Waɗanda ke da madubin da ya fi wannan ne suka gani."

Ya ce to, waɗanda suka faɗi gaskiya a kan ruwan goransa zai ba su amana a kan wannan ma.

Da bazara ta kama aka ji agana ta ɓulla a wasu ƙauyuka ta hanyar Dikwa, aka sanar cewa masu lamba za su zauna a ƙofar gidan bulama, mai unguwarmu. A lokacin mutane na gudunsu. Wasu kan tura yara gidan dangi, wasu matan kuma in an yi wa yaro sai su ja shi bayan gida su goge wurin da lemun tsami don kada ta kama. Ba mugunta ba ce, tsoron kumburin da zazzaɓin suke yi.

Na roƙi hedimasta ya ba ajina safiyar, ya yarda. Na raba yaran biyu-biyu, kowa ya shiga layinsu da harshen da ake ji a gidan. Na bi bayan wasu ina saurare daga zaure. Na ji ɗan mahauta yana gaya wa kakarsa da Kanuri cewa kumburin alama ce jiki yana koyo, in an goge da lemun tsami an hana shi karatu ke nan. Tsohuwar ta ce wa ya gaya masa. Ya ce Malam, kuma Baba wanzam yana wurin. Ta ce in wanzam ya yarda, a ɗauko mata mayafi.

Baba kuwa tun da sassafe ya rufe rumfa ya tafi ƙofar bulama da tabarmarsa. Ma'aikatan su biyu ne, sun jera kayansu a tebur, mutane sun tsaya nesa suna kallo. Ya gaishe su, ya tambayi yadda suke tsabtace allurarsu, suka nuna masa. Ya gamsu. Ya naɗe hannun riga ya ce a fara da shi. Babban cikinsu ya ga tsohon tabon ya ce mai yiwuwa ba ya bukata. Baba ya ce an daɗe, a tuna wa jikin. Aka yi masa a gaban kowa, ya koma tabarma ya zauna da hannu a buɗe.

Daga nan layi ya fara. Duk yaron da ya tirje, Baba ne ke riƙe shi, don ba wanda ya fi shi sanin yadda ake riƙe yaro mai tsoro. Yana yi wa iyaye mata magana ɗaya bayan ɗaya, wannan da Hausa, waccan da Kanuri, cewa kada a sa lemun tsami, kada a sa toka, a bar ɓawon ya faɗi da kansa. Ina tsaye a gefe da ɗalibaina suna shigowa da ƙannensu a hannu. Har azahar ba a gama ba, ma'aikatan suka aika a ƙaro musu magani. Babbansu ya tambaye ni ko dattijon nan ma'aikacin asibiti ne da ya yi ritaya. Na ce a'a, mahaifina ne, wanzamin unguwa. Na faɗa da ƙarfi yadda na kusa za su ji.

Hannun Baba ya ɗan kumbura, ya yi kwana biyu jikinsa ba daɗi, yana ta ƙorafi cewa da shi ya yi tsagar da ta fi wannan kyau. Agana ta shigo gari a shekarar, an yi rashi a wasu wurare. A layinmu mutum ɗaya na sani da ta kama, wani baƙo mai sayar da kifi da ya zo daga bakin tafki bayan an gama lamba, kuma Allah ya tashi kafaɗunsa. Wata tsohuwa mai zanzana ce ta yi jinyarsa, Baba yana kai musu ruwan zafi yana ajiyewa a bakin ƙofa.

Da mai kifin ya warke ya zo aski. Baba ya zaunar da shi, ya jiƙa masa kai, ya tambaye shi iyalinsa nawa a can bakin tafki, kuma ko an yi musu lamba. Mutumin ya ce ba a yi ba. Baba ya ce to in ya koma ya zo da su, shi zai raka su asibiti da kansa. Bayan sati uku sai ga shi da matarsa da yara huɗu a bayan motar kifi. Baba ya sauke tukunya daga wuta, ya sa hularsa, suka tafi.